Makunnin da ke cikin ɓargo: fashin baƙi kan sabon maganin sikila

A watan Janairun 2024 yayata ta kira ni bayan isha'i, muryarta na rawa. Ta ga labari a waya cewa hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta amince da wani sabon magani mai suna Casgevy, wai yana raba mutum da sikila. Ɗanta na biyu SS ne, a lokacin yana shekara 13, kuma duk wanda ya taɓa kwana a bakin gadon mai sikila ya san dalilin rawar muryar. Ta ce, "Ƙanina, kai ne mai aikin gwajin jini a gidan nan. Tsakaninka da Allah, gaskiya ne ko irin na 'yan waya ne?" Na ce, "Gaskiya ne, Yaya." Ta yi hamdala sau uku. Ni kuwa nauyi ya danne ni, domin akwai sauran magana mai yawa, kuma na rasa yadda zan jera mata ita da Hausa. Da Larabci da Turanci na koyi aikin, amma ciwon da Hausa ake kukansa a gidajenmu na Makka da Jidda da Madina.

Mu fara daga jinin kansa. A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai wani sinadari, himoglobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya rarraba wa jiki. Umarnin yadda za a ƙera shi a rubuce yake cikin abin da muka gada daga iyaye, wato DNA, rubutu mai haruffa kusan biliyan 3. A wurin mai sikila harafi ɗaya tak ya sauya a cikin wannan tarin. Wannan sauyi ya sa duk lokacin da himoglobin ɗinsa ya sauke iska sai ya manne da 'yan uwansa, su yi sanda-sanda, ƙwayar da ya kamata ta zama lallausa kamar fanke ta ƙandare ta lanƙwashe kamar lauje. Daga nan Larabawa suka samo sunan minjaliyya. Irin waɗannan ƙwayoyi suna toshe ƙananan hanyoyin jini, inda jini bai kai ba kuwa sai azaba: ƙashi, ƙirji, baya, ciki. Kuma ba sa daɗewa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai lauje kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jinin a ƙasa yake, ido ya yi ɗorawa. Zafin Makka mai busar da ruwan jiki, da sanyin na'ura idan an shigo daga rana, da hawan dutse zuwa Ɗa'if inda iska ta yi ƙaranci, kowannensu na iya tayar da ciwon.

Tun 1910 wani likita a Chikago, James Herrick, ya bayyana waɗannan ƙwayoyi, kuma kafin 1960 an riga an gano ainihin inda kuskuren yake. Sai dai sanin ciwo daban, maganinsa daban. Abin da ya kai ga maganin da yayata ta ji ya faro ne daga wata lura da kowace uwar mai sikila za ta iya ba da shaida a kanta: jaririn SS ba ya ciwo a watanninsa na farko. Lafiya lau ake suna, lafiya lau ake wankan jego. Sai ya doshi wata shida hannuwa da ƙafafu su fara kumbura. A 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta duba jinin jarirai ta ga ƙwayoyinsu ba sa lanƙwashewa sosai, ta ce dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa himoglobin daban da na manya. Haka abin yake. A cikin mahaifa jariri na ƙera wani nau'i da ake kira HbF, wanda ya fi ƙarfin janyo iska daga jinin uwa, kuma kuskuren sikila bai shafe shi ba. Bayan haihuwa jiki yakan rufe wannan ya buɗe na manya. Ga mai AA ba komai. Ga mai SS kuwa, jikinsa ya ajiye lafiyayye ya ɗauko mai aibi.

Shaida mafi ƙarfi a kan wannan daga ƙasar nan da muke zaune ta fito, abin da ba kowa ya sani ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin kamfanin Aramco da ke Zahran suka rubuta cewa masu sikila na Ƙadif da Ahsa, can gabas, ba su yi kama da waɗanda aka karanta a littafi ba. Yara suna girma ba tare da yawan kwanciya ba, wasu ma sai sun manyanta ake gano SS ne. Harafin da ya sauya guda ne da namu. Bambancin shi ne jikinsu bai gama rufe himoglobin na jarirai ba, yakan rage kashi 15 zuwa 20 cikin 100 har a jikin manya. Wannan nau'in sikila ana kiransa na Larabawa da Indiya. A kudu maso yamma kuwa, wajen Jizan, nau'in da ake kira na Benin ne ya fi yawa, kuma shi ne namu, wanda kakanninmu suka taho da shi daga Kano da Sakkwato da Damagaram ta hanyar Sudan. A nau'inmu ragowar HbF yawanci ba ta kai kashi 10 ba, ciwon kuma ya fi tsanani tun daga ƙuruciya. Ba ina cewa mutanen gabas sun tsira ba ne, su ma suna shan wuya, musamman lalacewar ƙashin ƙugu idan shekaru suka ja. Amma gani ya kori ji: cuta ɗaya, ƙasa ɗaya, abin da ya raba Bahaushen Makka da mutumin Ƙadif shi ne yadda wata ƙofa ta rufu a jikin wannan ta tsaya a sakaye a jikin wancan.

Wace ƙofa ce, kuma wa ke riƙe da makullinta? A nan ne ilimin da ake kira sarrafa ƙwayoyin gado ya shigo, kuma a ganina shi ne zuciyar duk wannan bincike. Ɗauki DNA kamar kundin malam. Kusan kowace ƙwaya ta jiki, ta ido ce ko ta hanta ko ta fata, tana ɗauke da kwafin kundin nan gaba ɗaya, shafi wajen 20,000 na umarni. Abin da ya sa ido ya zama ido, hanta ta zama hanta, shi ne kowace ƙwaya wasu shafuka take buɗewa ta bar sauran a rufe. Shafukan umarnin ma ba su kai kashi 2 cikin 100 na rubutun ba. A cikin ragowar, wanda aka daɗe ana yi wa kallon shara, akwai makunnai birjik masu cewa buɗe nan, rufe can, yanzu, a wannan gaɓa kaɗai. Kyautar Nobel ta likitanci ta 2024 ma a wannan fage aka bayar da ita, ga Victor Ambros da Gary Ruvkun, waɗanda suka gano a jikin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa cewa akwai gajerun saƙonni masu hana a aiwatar da umarni ko bayan an kwafo shi daga kundi.

A 2007 da 2008 masu bincike a Landan da tsibirin Sardiniya na Italiya suka kwatanta jinin dubban mutane, suna neman abin da ya sa wasu ke da ragowar HbF fiye da wasu. Sawu ya kai su ga wani shafi mai suna BCL11A. A 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna cewa sinadarin da wannan shafi ke samarwa shi ne mai gadin da ke zuwa ya garƙame shafin himoglobin na jarirai. Idan haka ne, ai sai a kori mai gadi, ƙofa ta buɗe. To, ba nan gizo ke saƙa ba. Mai gadin nan ba aiki ɗaya yake yi ba. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, masu haɗa makaman garkuwar jiki, ba sa samuwa in babu shi, kuma ƙwaƙwalwa ma na buƙatarsa wajen ginuwa. Wanda ya kore shi daga jiki duka ya yi gyaran gangar auzinawa. Sai a 2013 Daniel Bauer da Orkin suka gano wani ɗan makunni a cikin shafin BCL11A wanda a zuriyar jajayen ƙwayoyin jini kaɗai yake aiki. Lalata wannan makunni yana sa mai gadi ya yi barci a wurin jan jini, amma ya ci gaba da aikinsa a garkuwa da sauran wurare. Duk lokacin da na tuna wannan tsari sai na yi tasbihi.

Almakashin yanka makunnin kuwa daga ƙwayoyin bakteriya aka aro shi. Su ma suna da tasu garkuwar: sukan adana guntun rubutun bairos ɗin da ya taɓa kai musu hari, in ya dawo su gane shi su datse shi. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa ana iya ba wannan almakashi, CRISPR, kowane adireshi a cikin DNA ya je ya yanka, aikin da ya ba su Nobel a 2020. Casgevy haɗin waɗannan biyu ne. Kuma a lura da kyau, bai gyara harafin sikila ba, yana nan inda yake. Makunni kawai ya kashe, jiki ya koma ƙera himoglobin ɗin da ya bari tun yana jariri, har ya haura kashi 40 cikin 100, ninkin abin da mutanen Ƙadif suka samu kyauta. Mace ta farko mai sikila da aka yi wa shi, Victoria Gray, a 2019 ne a birnin Nashville na Amurka. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta dogara da shi, cikin mutum 31 da aka bibiya tsawon lokacin da ya isa a yi hukunci, 29 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Birtaniya ta fara amincewa a Nuwamban 2023, Bahrain da Amurka a Disamba, Saudiyya a Janairu, ga masu shekara 12 zuwa sama.

Yayata ta ɗauka allura ce ake yi a tafi gida. Wannan ne wurin da na fi jin nauyin yi mata bayani. Jar ƙwayar jini da ta balaga ba ta da kundi a cikinta, kuma kwananta ƙidayayye ne, don haka ba ita ake gyarawa ba. Sai an koma inda ake haifarta. A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan, ƙwayoyin tushe, waɗanda likitocin nan ke kira khalaya jiz'iyya. Su ne iyayen jini duka, ja da fari. Idan ɗaya ta rabu biyu tana iya barin kwafin kanta, ɗaya ɓarin kuma ya tafi ya hayayyafa, shi ya sa rijiyar ba ta ƙafewa, tana fitar da jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa har ƙarshen rai. James Till da Ernest McCulloch ne suka tabbatar da samuwarsu a Toronto a 1961, da gwaji a kan ɓeraye. Wanda ya gyara uwa ya gyara zuriyarta.

Sai dai kafin a kai ga haka akwai doguwar hanya. Mara lafiya zai yi makonni ana sauya masa jini. Sannan a ba shi maganin da ke koro ƙwayoyin tushe daga ɓargo zuwa cikin jini, na'ura ta tace su, sau da yawa ba zama ɗaya ba. A tura su masana'anta a waje a yi yankan, a jira watanni. Idan sun dawo, dole a share musu wuri, domin tsofaffin na nan zaune a ɓargo. Abin sharewar kimawi ne, wato maganin kashe ƙwayoyi mai ƙarfi, busulfan, irin wanda ake ba masu kansar jini. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har ruwa ya gagara haɗiya, garkuwa ta faɗi ƙasa warwas, mutum ya yi sama da wata guda a killace a ɗakin asibiti yana jiran sabbin ƙwayoyi su kama. Babbar illar da ba a cika faɗa a labarai ba ita ce busulfan na iya hana haihuwa har abada, mace ko namiji, sai fa in an adana ƙwai ko maniyyi tun kafin a fara. A al'ummar da ake tambayar amarya labari tun kafin ta shekara, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ina ganin zalunci ne a ɓoye wa iyaye ita. Sannan ba a daɗe da fara maganin ba, shi ya sa aka tsara bibiyar waɗanda suka karɓa har shekara 15, don a ga ko almakashin ya taɓa inda ba a aike shi ba.

Ga kuma kuɗi. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, wato riyal miliyan 8 da dubu 250, ban da kuɗin gado da sauran ɗawainiya. Cikinmu akwai 'yan ƙasa, Hausawan da kakanninsu suka samu takarda tun da daɗewa, waɗanda ƙofar manyan asibitocin gwamnati a buɗe take gare su. Akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama, da inshorar wurin aiki wadda ba ta ko leƙa irin wannan adadi. Akwai kuma waɗanda aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, amma babu takarda ko ɗaya. Can gida kuwa, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai 150,000 a shekara. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma abin na ci mini rai, domin masu nau'in da ya fi buƙatar a buɗe ƙofar su ne suka fi nisa da makullin.

Abin da na ƙara gaya wa yayata, wanda ya ba ta mamaki, shi ne warkar da sikila ba da Casgevy aka fara ba. Tun 1984 aka wallafa rahoton wata yarinya a Memphis da aka yi wa dashen ɓargon ɗan uwanta saboda kansar jini, sai ga shi sikilarta ma ta tafi. A wannan hanya ba a gyara komai, ɓargon lafiyayye ake kawowa ya maye gurbin nasa. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan mutum 1,000 da aka yi wa dashe daga ɗan uwa shaƙiƙi wanda ya dace ya nuna fiye da 90 cikin 100 suna raye babu cutar bayan shekara 5, kuma yara sun fi samun nasara. Duk wahalar tana cikin kalmar nan, dacewa, kuma maganar garkuwa ce zalla. Kowace ƙwaya a jiki tana ɗauke da wata shaida da ake kira HLA, kamar tsagar gado a fuska, wadda sojojin jiki, fararen ƙwayoyin T, ke dubawa su bambance ɗan gida da baƙo. Rabi daga uwa ake gadonta, rabi daga uba, don haka damar ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya ya yi daidai da kai ɗaya ce cikin huɗu. Rukunin jini ba shi ne ma'auni ba, mutane na yawan rikita wannan. Idan shaidar ta saɓa, ko dai sojojin mai gida su kori dashen, ko kuma, tunda ɓargo da nasa sojojin yake zuwa, baƙin su juya su far wa mai masauki, su ci fata da hanji da hanta. Wannan na biyun na iya kisa, kuma shi ne abin da Casgevy ya kauce wa, tunda ƙwayoyin mutum ne aka mayar masa.

Yawan 'ya'ya a gidajenmu a nan ya zama alheri, domin mai 'yan uwa shida ya fi mai ɗaya damar samun wanda ya dace. Riyad kuma ta yi nisa a wannan aiki. Asibitin ƙwararru na Sarki Faisal ya fara dashen ɓargo tun shekarun 1980, likitocin birnin lafiya na Sarki Abdul'aziz kuwa sun yi wa manya masu sikila da yawa dashe ta hanya mai sauƙi wadda aka faro a cibiyar binciken lafiya ta Amurka. A maimakon a ƙone ɓargo ƙurmus, sai a kwantar da sojojin jiki da magani da ɗan hasken radiyeshin kaɗan, ɓargo biyu su zauna tare, na baƙon ya riƙa samar da jan jini tunda ƙwayoyinsa sun fi tsawon rai. Yadda jiki ke yarda da wannan zaman haƙuri yana da alaƙa da binciken da ya ci Nobel a 2025. Shimon Sakaguchi na Japan ya gano a 1995 cewa cikin sojojin T akwai wani rukuni da aikinsu shi ne tsawatar wa 'yan uwansu, kamar dattawan unguwa masu raba faɗa. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano shafin FOXP3, wanda in ya lalace garkuwa ke cinye mai ita, daga baya aka tabbatar shi ne makunnin da ke mayar da ƙwayar T mai sulhu. Ka ga an sake dawowa kan makunni. Maganin sirolimus da ake ba masu irin wannan dashe yana danne mayaƙa ya ƙyale masu sulhu. Haka kuma dabarar da aka ɓullo da ita a jami'ar Johns Hopkins, ta ba da wani kimawi kwana 3 da 4 bayan dashe don kashe sojojin da suka zabura, ta sa yanzu ana iya karɓa daga wanda rabin shaidarsa kawai ta dace, wato uwa ko uba ko kusan rabin 'yan uwa. A ganina wannan ya fi Casgevy kusa da talaka, ko da yake shi ma ba wasa ba ne.

Wasu sukan tambaye ni hukuncin abin a shari'a. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na 17 a nan Makka a Disamban 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe idan tushensu halal ne, kamar na baligi da izininsa, na yaro da izinin waliyyinsa don maslaha ba tare da cutarwa ba, da na mabiyiya da cibiya, ta kuma haramta wanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba bisa uzuri ba. Ɓargon ɗan uwa da na mutum kansa suna cikin na farko. Bincike ma ya rage buƙatar taɓa ɗan tayi tun da Shinya Yamanaka ya nuna a 2006 cewa kunna shafuka huɗu kacal na mayar da ƙwayar fata ta koma ta tushe.

Abin da ya fi hukunci damuna shi ne 'yan kasuwa. Sunan ƙwayoyin tushe ya zama tambarin damfara. Ana yawo da garin sha a leda, daga Kano har Share' Mansur na Makka, wai an haɗa shi da ƙwayoyin tushen tuffa da inabi, yana mayar da SS ya koma AA. Ƙarya ce tsagwaronta. Abin da aka haɗiya ciki ne ke narkar da shi, kuma ƙwayar itace ba ta da hanyar zama ɓargon ɗan Adam. Har masu farar riga akwai maha'inta: a 2017 wata babbar mujallar likitanci ta ba da rahoton mata uku a Florida da suka rasa ganinsu ko mafi yawansa bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a ido. Duk wanda ya ce zai warkar da sikila da ƙwayoyin tushe ba tare da gwajin HLA da kwanciyar makonni a sashen dashe ba, kuɗinka yake so.

Akwai kuma abin da ke hannunmu muke raina shi. Hydroxyurea, ƙwaya mai araha da Amurka ta amince da ita don sikila tun 1998, ita ma ƙofar nan take turawa, tana ƙara HbF, ba kamar Casgevy ba amma daidai gwargwado. A gwajin 1995 ta rage tashin ciwo da kusan rabi. Binciken da aka yi a Kano, a asibitin Malam Aminu Kano da wasu asibitocin, ya nuna tana kare yaran da hoton jijiyoyin kansu ya nuna haɗari daga shanyewar ɓarin jiki. Iyaye da yawa suna ƙinta don sun ji an ce maganin kansa ce, alhali guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Haka penisilin da rigakafi. Saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, takan lalace a jikin yaran nau'inmu kafin su kai shekara 5, shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai yi wasa da shi ke iya ɗauke mai sikila cikin yini guda. Gwajin 1986 ya nuna penisilin kullum ya rage mummunan kamun cutar nimoniya ta jini da kashi 84 cikin 100. Masu bincike yanzu suna neman abu biyu: ƙwayar sha da za ta sa mai gadin nan barci ba tare da yanka ba, da kuma hanyar aika almakashin kai tsaye cikin ɓargo ta allura, babu kimawi babu killacewa. A 2025 an yi wa wani jariri a Filadelfiya gyaran harafi guda a hantarsa ta irin wannan allura. Ɓargo ya fi hanta wuyar kaiwa, aikin bai nuna ba tukuna.

Ɗan yayata yana jin duk bayanin nan daga kan katifa, ban san yana bi ba. Can sai ya ce, "Kawu, in an yi mini na warke, 'ya'yana fa?" Na ce masa gyaran a ɓargo yake tsayawa, dashe ne ko Casgevy, ba ya shiga abin da ake gadarwa. Zai ba kowane ɗansa S guda, sauran ya rage ga wadda ya aura. Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure tun 2004, kuma alƙalumanta sun nuna kusan mutum 4 cikin 100 na ɗauke da S, alhali a Najeriya kusan ɗaya ne cikin huɗu. Amma da yawa daga aurarrakinmu a zaure ake ɗaura su ba a bi ta wurin gwajin ba, kuma auren zumunci ya yi mana yawa. Yayata da mijinta 'yan wa da ƙani ne, dukansu AS, ba su sani ba sai da hannun yaron ya kumbura.

Daga baya, bayan azumi, muka haɗa kuɗi aka yi wa 'yan uwansa uku gwajin HLA. Babban bai dace ba, mai bi wa yaron rabi, autarsu kuwa ta dace cif. AS ce, kuma mai AS na iya bayarwa. Likita ya yi wa Yaya bayanin cewa za a sa yarinyar barci a zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugunta, ya mayar da kansa cikin 'yan makonni, ya kuma faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa cikin yara ɗari da ake yi wa dashen akwai 'yan kaɗan da ba sa fitowa. Takardar sakamakon tana cikin jakarta har yanzu. Yaron na shan hydroxyurea kullum da safe, kwanciyarsa ta ragu daga sau biyar a shekara zuwa sau biyu, mijinta na ta bin hanyar takardu da ƙungiyoyin taimako, ita kuma ta ce in bar ta ta ƙara yin istihara.